Durowa ta Uku

Kujerun Hiyas ɗin na sayar tun ranar da na saye ta.
Mai gyaran keken ɗinki ba ya neman fasinja,
wurin miƙe ƙafa yake nema,
da inda allura lamba sha huɗu
ba za ta kwana da lamba sha shida ba.

Ni da Kyari kafinta muka yi mata ciki,
kwana tara, a bayan Kasuwar Dole.
Katakon kuwa ƙyauren ɗakin Inna ne,
wanda muka ɗaga daga laka
shekarar da ruwa ya kayar mana da katanga a Birni.
Kyari ba ya riƙe mita, da taƙi yake awo,
shi ya sa durowa uku, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta.
A sama gwangwanin madara sha ɗaya,
kowane da irin notinsa,
robar tsohuwar taya ta ɗaure su tamau kamar goyo.

Shekara shida haka.
Mirya, Matamai, Gure, mu dawo Damagaram.
Ko cikin duhu na miƙa hannu,
ƙoshiya na nan inda na bar ta.

Sai Barira ta zo hutu daga Yamai,
ta leƙa, ta kama hanci:
"Baba, wannan ai akurki ne."
Kashegari ga ta da akwatin roba daga kanti,
hawa biyar, garau, ana ganin cikinsa kamar ruwan da ya kwanta.
Jika sha takwas!
Na haɗiye kuɗin tare da miyau,
don albashinta na fari ne.

A hanyar Tanut gargada ta tambaye shi sunansa.
Bakuna biyar suka buɗe lokaci guda.
Har la'asar ina durƙushe da maganaɗisu
ina tsince allura daga cikin tabarma,
wata kuma sai da dare ta same ni, a cinya.
Ban gaya wa Barira ba.
Kyari na gaya wa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

To, damina ta zo ta same mu a Magarya.
Rufin motar na da wani ƙaramin ido na tsatsa
da na daɗe ina cewa gobe.
Katako ya sha, ya ƙoshi, ya kumbura,
durowa ta uku ta kama bakinta gam.
Tela Ɗanladi na tsaye a kaina da kayan suna a hammata,
ina ja, ina salati, ina ja,
har marikin ya zo a hannuna.
Can gefe akwatin Barira ko a jikinsa:
takardun mota a bushe,
maganin hawan jini a bushe.
Wannan ban gaya wa Kyari ba.

Yanzu na ɗaure nata da robar tayata, ninki biyu,
bakin ya daina buɗewa sai na ce.
Idona ma ya fara gajiya,
gara in ga abu kafin in laluba.

Durowa ta uku har yau ba ta buɗe ba.
Tabarauna na ciki, da man keke, da wani abu
da na manta ko mene ne, yana ƙara idan na taka birki.
Kyari ya ce a sa mata kurfi.
Na ce a bari bazara ta yi mata magana.
Wa zai sa kurfi a ƙyauren uwarsa?

Da dare ina ajiye motar a gindin manyan duwatsu,
in shimfiɗa tabarma tsakanin su biyun.
Ƙarfe na hucewa, roba na ƙas-ƙas a dama,
a hagu katako na yin wannan ƙaramar ƙarar,
irin ta asuba,
idan Inna ta fito da buta.